Malam Ubale Ketare da Rishon Cikin Jakarsa

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, ina zaune a ofishinmu na Faskari, kiran Bilki, babbar 'yarka, ya shigo wayata. Ko gaisuwa ba ta iya yi ba. Ta ce, "Baba Almu, Malam ya cika," sai kuka ya ci ƙarfinta. Na daɗe riƙe da wayar a kunne bayan ta kashe. Wata biyar kana kwance tun da shanyewar ɓarin jiki ta same ka, kuma duk wanda ya gan ka a makonnin ƙarshe ya san inda aka dosa, amma sanin bai rage mini komai ba.

Malam Ubale, shekara goma sha shida muka yi muna aikin rigakafin dabbobi tare tsakanin Kankara da Faskari da Sabuwa. Ka girme ni da shekara tara, kuma a hannunka na san yawancin hanyoyin da na sani. Aikinmu na bin rugage ne, mu yi wa shanu allurar ciwon huhu, mu duba tumaki da awaki, mu ba da maganin tsutsa. Da rani babur yana kai mu ko'ina. Da damina kuwa, idan rafuka suka kawo, fadamu suka cika, sai mu bar babur a gidan mai unguwa a Pauwa ko Sheme, mu goya jaka mu kama tafiyar ƙafa, wata sa'a kwana uku, wata sa'a biyar. Ko bayan ka yi ritaya ba ka daina ba. Kakan ce makiyaya ba su san an sallame ka ba, kai ma ba ka ga dalilin sanar da su ba.

Duk wanda ya taɓa tafiya da kai zai tuna rishon nan naka. A wajen wani mai kayan gwanjo ka tsinto shi a Funtua, shi mai kayan ma ya ɗauka wani yanki ne na injin walda da ya lalace. Idan an naɗe shi bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Yana da ƙafafu uku na ƙarfe da ake warewa, da siririn tiyo da ke haɗa shi da wata jar kwalbar ƙarfe mai famfo a baki. Har da mansa bai kai nauyin mudun gero ba. Abin da ya sa ka ƙaunace shi shi ne ba ya zaɓen mai. Yana cin kananzir, yana cin fetur, idan an rasa duka yana cin gas na manyan motoci, sai dai ya yi baƙi. Akwai wani ɗan ƙaramin kan tagulla mai huda da man ke fitowa ta cikinsa, wanda kake kira hanci. Guda biyu ne, na fetur daban, na kananzir daban, kana ajiye su a cikin gwangwanin magani, a naɗe a tsumma.

Da ka kawo shi ba ya aiki, fatar famfon ta bushe ta tsage. Ka yanko harshen wani tsohon takalminka, ka jiƙa shi da baƙin mai kwana biyu, ka sa. Hudar hancin kuwa da silin waya ɗaya da ka zaro daga kebul ɗin birkin babur kake tsokace ta. Ranar da ka fara kunna shi a zauren gidanka, ka buɗe man tun bai yi zafi ba, wuta ta tashi ja ta lashe maka gefen gemu. Hajiya Asma'u, uwargidanka, ta ce ko dai abin nan ya koma waje ko ita ta koma gidansu. Mako guda muna yi maka dariya a ofis. Daga nan ka gane halinsa: a ba famfo, a saki mai kaɗan cikin ɗan kaskon da ke ƙasa, a rufe, a kunna, a jira har wutar ta kusa mutuwa, sannan a buɗe a hankali. Sai ya kama da shuɗiyar wuta yana gurnani. Tun daga ranar ba ka ƙara kunna shi a rufaffen ɗaki ba, ba ka kuma yarda wani ya kunna maka ba, har ni.

Da farko saboda allura ka ɗauke shi. Sirinjinmu na ƙarfe ne, sai an dafa shi da alluransa kafin a tashi daga garke zuwa garke, kuma da damina samun busasshen ice a ruga aiki ne. Na sha ganin ma'aikatan da ke ɗauraye allura da ruwan sanyi su wuce. Kai ko mun gaji, ko hadari ya haɗu, sai ruwa ya tafasa.

Dalili na biyu daga baya ya zo. Wata shekara mun sauka a wata ruga yamma da Sabuwa, wajen wata tsohuwa da mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi kudu da shanu. Kafin mu gama da 'yan awakinta ta yanka kazar da take da ita guda ɗaya, mai ƙwai. Na ga yadda kake cin naman nan da ƙyar. Da muka fito hanya ka ce mini, "Almu, mun zo gyara mata awaki mun ci mata kaza. Ba za a sake ba." Daga nan duk rugar da muka dosa, sai mu tsaya gindin wata bishiya tun daga nesa, ka ware rishonka, mu dafa taliya ko shinkafa da ɗan manja, mu sha shayi, sannan mu ƙarasa. Idan masu gida suka fara kiciniyar ɗora tukunya sai ka ce, "Wallahi mun ci, yanzun nan." Ka fi son ka tsaya ka dafa da ka rantse a kan abin da ba haka ba. Nono kaɗai kake karɓa, don kada a ce ka raina.

Akwai ranar da ba zan manta ba, cikin daminar shekara huɗu da ta wuce. Muna wata ruga bayan Pauwa da safe, mun gama garke ɗaya, sai muka ji harbi daga wata unguwa da ke ƙetaren rafi. Ba a jima ba mutane suka fara ɓullowa ta cikin dawa, mata da goyo, tsofaffi, wasu ko takalmi babu. 'Yan bindiga ne suka shiga musu. Muka bi su muka hau wani dutse, muka maƙale ƙarƙashin wani babban falale da ya yi rumfa, mu kusan talatin. Ruwa ya kece.

A cikinmu akwai wata mata, Halimatu Sa'adiya, da tsohon ciki. Gudun ya tayar mata da naƙuda. Allah Ya sa akwai ungozoma a cikin waɗanda suka gudo, Baba Rifkatu, wata dattijuwa Kirista daga unguwar da aka shiga. Mata suka kewaye su da zannuwa. Baba Rifkatu ta leƙo ta ce tana son ruwan zafi, da reza, da zare, kuma a dafa su. Wani ya ce a nemo ice. Wani dattijo ya ce duk wanda ya tayar da hayaƙi a dutsen nan ya kira mana mutuwa, icen ma duk a jiƙe yake.

Na dube ka, don na san kananzirinmu ya ƙare tun jiya, niyyarmu mu saya a Pauwa. Ka tambaya ko akwai wanda ya zo da babur, a tsiyayi fetur daga tankinsa. Wani magidanci ya ce ya yar da nasa a gindin dutse, cikin sabara, amma ko za a ba shi duniya ba zai sauka ba. Ba ka ga laifinsa ba. Ka ɗauki jar kwalbar ka miƙe. Na riƙe maka riga na ce ni zan je. Ka ce, "Ƙahwarka ta fi tawa sauri, amma ba ka san iyakar da ake zuba mishi ba. Zamna." Ina kallonka kana gangarawa cikin ruwan nan a duƙe, mutum mai shekara kusan sittin, ga harbi jefi-jefi daga ƙetare. Ban san tsawon lokacin da ka ɗauka ba. Na dai san na karanta duk abin da na haddace.

Ka dawo jiƙe sharkaf, gwiwarka na jini. Ka zauna a bakin rumfar inda iska ke shiga, ka kwance hancin kananzir ka ɗaura na fetur, ka sa aka matsar da yara baya. Ashana uku ta mutu kafin ta huɗu ta kama. Ka jira shi ya yi zafi kamar yadda ka saba, duk da ana jin nishin matar nan, ba ka yi gaggawa ba. Da ya kama, babu hayaƙi ko kaɗan. Gurnaninsa ne ya tsorata mu, sai ƙarar ruwan sama ta rufe shi. A tukunyar da muke dafa allura aka dafa sabuwar reza daga jakarka da zaren da aka zaro daga bakin zani. Kafin la'asar aka haifi 'ya mace. Baba Rifkatu ta fito tana share hannu ta ce, "Malam, Allah Shi biya ka. Da ruwan sanyi zan yi, in bar wa Allah sauran." Da ragowar man ka dafa ruwa ka zuba duk sukarin da muke da shi, aka bi yara da kofi ɗaya, kowa ya kurɓa. Kai ba ka sha ba. Washegari muka sauka lafiya. Uwa da 'ya suna raye, suna zaune a Kankara yanzu. Ba ka taɓa ba da labarin nan a ofis ba, kuma da na fara bayarwa sai ka canza zance.

Ba zan ce ba ka da aibu ba. Kana da taurin kai, kuma idan ka ga an yi aiki da ha'inci ba ka iya tauna magana, abin da ya sa ka daɗe a mataki ɗaya wasu na wuce ka. Mun sha saɓawa. Akwai tafiyar da muka yi yini guda ba mu yi wa juna magana ba saboda na tsallake garken wani da ya zage mu. Ka koma kai kaɗai ka yi wa shanun allura, ka dawo ka dafa shayi ka miƙo mini kofi, shi ke nan maganar ta wuce.

Zuwana na ƙarshe Ketare, mako guda kafin rasuwarka, na same ka an fito da kai tsakar gida a kan tabarma. Hannun damanka ba ya motsi, magana na fita da ƙyar. Ka yi wa Bilki alama ta ɗauko jakar. Ka nuna rishon, ka nuna ni. Shekara goma sha shida ina kallon yadda kake yi, amma ranar ce ta farko da na taɓa famfon. Na buɗe man da wuri, wuta ta tashi ja, na ja da baya. Ka yi dariya da rabin bakinka har hawaye ya zubo, ka ce, "Ka cika sauri." Na kashe, na jira ya huce, na sake. A karo na biyu ya kama. Na dafa shayi, Hajiya ta riƙa ba ka da cokali. Cokali huɗu ka sha. Da zan tafi na ce sai na dawo, ka ɗaga hannun hagu. Na yi niyyar dawowa ranar Juma'ar da ta biyo, aiki ya riƙe ni, na ce sai ta gaba.

An yi jana'izarka bayan azahar a ƙofar gidanka. Ban zaci labari zai kai rugage da wuri haka ba, amma kafin a ɗauke ka makiyaya sun cika layin, da sandunansu, ƙafafunsu duk laka. Mutanen unguwar su Baba Rifkatu ma sun zo, suka tsaya gefe har aka idar da salla, suka raka ka makabarta.

Ranar sadakar uku muna zaune a zaure, wani tsohon makiyayi ya yi sallama. Daga can bayan Sheme ya taho a ƙasa. Ya gaisa da mutane, ya ga taro amma bai gane ba, ya ce yana neman Malam Ubale, maruƙansa biyu sun kwana uku ba sa shan nono. Da aka faɗa masa, ya jingina sandarsa da bango, ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da malfarsa. Da ya natsu ya yi addu'a, sannan ya dubi mutane ya ce, "To yanzu wa za mu kira?" Na ce masa ya kwana, da safe zan bi shi. Na bi shi, Malam. Ɗaya ya tashi, ɗayan mun iske ya riga ya mutu.

Allah Ya jiƙanka, Malam Ubale. Ya gafarta maka kurakuranka, Ya karɓi jinyar da ka yi a matsayin kaffara, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa duk takun da ka yi cikin laka domin dabbar wani ya zama nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Asma'u, wadda ta yi wata biyar ba ta gusa daga gefenka ba, da Bilki da ƙannenta, da 'yan'uwanka na Ketare, da abokan aikinmu na ƙananan hukumomin nan uku, da makiyayan da ba za su karanta wannan rubutu ba amma sun fi ni sanin abin da aka rasa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani. Amin.

Almu Nata'ala Sheme