Ƙurun da Ya Zama Motar Gwamnati

A shekarun da ake kwashe gwamnati daga Ikko zuwa Abuja, ni malamin dabbobi ne a wani ƙaramin reshe wanda bai kai a gaggauta yi masa gini ba. Aka ba mu ɗakuna biyu a Wuse, bayan shagon wani mai sayar da katifa, aka ce mu zauna kafin a gama namu. Mu huɗu ne: shugabanmu wanda kowa ke kira Oga, da akawu, da direba wanda ba shi da mota, sai ni. Ya kamata mai karatu ya sani tun daga nan cewa a tsawon aikina ban taɓa karɓar umarni a rubuce na bar shi ba tare da na zartar ba. Da wannan aka san ni, kuma ban ji kunyarsa ba.

Al'adar ofishinmu tun muna Ikko ita ce, fayil ɗin da yake saman tari shi ne aikin yau. Ba a tono, ba a zaɓe. Tsofaffi suna ƙasa suna hutawa, sababbi suna sama, kuma a haka aka zauna lafiya shekara da shekaru. To, shi lebura na sama yake fara ɗauka, sai ya zama na ƙasa a inda ya ajiye. Da an loda a Ikko an sauke a Abuja, juyi biyu ke nan, kowane fayil ya koma mazauninsa. Amma motar kayanmu ta mutu a Lakwaja, aka kwashe zuwa wata. Juyi uku. Da muka shiga ofis ranar farko, abin da muka tarar a saman tari wata takarda ce da ta yi ja don tsufa, ɗauke da sa hannun wani Bature wanda ko shakka babu ya daɗe da barin duniya. Cewa ta yi, duk dokin da ba a dandaƙe ba, wanda tsayinsa bai kai ƙirjin mutum ba, a dandaƙe shi, domin a gyara irin dawakin ƙasa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar nan ta girme ni."

Oga ya ce, "An soke ta?"

"Ban ga inda aka soke ta ba."

"Tana sama?"

"Tana sama, ranka ya daɗe."

"To me muke jira?"

Mako uku na yi ina neman gajeren doki a sabon birnin tarayya. Katafila na gani ba adadi, da jar laka, da gine-gine marasa rufi. A ƙarshe wani mai tasi ya ce ya taɓa ganin wani abu mai kama da doki a wani ƙauye bayan Kuje, amma ba zai rantse ba, don mai yiwuwa jaki ne da ya ci ya ƙoshi.

Ƙuru ne, wato irin ƙananan dawakin nan na ƙasar duwatsu. Ja ne, mai babban kai da ɗan tumbi, gashin wuyansa a tsaye kamar tsintsiya. Na tsaya kusa da shi, bayansa bai wuce ɗamarata ba. Mai shi wani dattijo ne Gbagyi, manomin doya, wanda na kira Baba tun daga gaisuwar farko. Na karanta masa takardar na fassara. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya amsa a irin Hausarsu ta nan, wadda ba ta tsananta bambanta mace da namiji ba.

"Likita, wannan doki ta yi wa gwamnati wane laifi?"

"Gajarta, Baba."

"Ni ma gajere ne."

"Takardar ba ta ambace ka ba."

Ya ce kakansa ne ya sauko da kakan dokin daga kan dutse. A da kowane gida akwai irinsa, amma yanzu duk faɗin yankin wannan ne namiji ɗaya da ya rage. In aka taɓa shi, irin ya ƙare. Na ji maganar, ta kuma shige ni, amma na shimfiɗa buhu na fara jera kayan aikina, igiya da wuƙa da magani.

Ina cikin haka sai ga wani baƙo ya nufo mu daga inda ake haƙa wa ƙauyen rijiyar burtsatse. Bajapane ne, injiniyan aikin, magidanci mai furfura kaɗan, da tawul a wuya. Ya tsaya ya rusuna ƙasa-ƙasa. Na gyara tsayuwa don in amsa, sai na lura ba ni yake gaisarwa ba. Dokin yake gaisarwa.

Da ya ga wuƙar ya tambayi abin da zan yi, na gaya masa. Ya zauna a kan turmi, ya ba mu labari da Turancinsa mai tafiya sannu, ni kuma ina mayar wa Baba. Ya ce shi mutumin wani kwari ne a tsakiyar duwatsun ƙasarsu, ana ce masa Kiso, kuma suna da doki kamar wannan: gajeren ƙafa, babban ciki, mai sanyin hali, wanda manoma kan ajiye ƙarƙashin rufi ɗaya da iyalinsu. Da hukumarsu ta so manyan dawakin yaƙi, sai ta kawo na ƙasashen waje, ta ba da umarni a dandaƙe mazan na gida. Aka bi su kwari-kwari. Ɗaya ya tsira, domin an riga an keɓe shi ga wani ɗakin bautarsu, hannun hukuma bai kai can ba. Bayan yaƙi, da mutane suka farga irin na shirin ɓacewa, wurin wannan ɗayan suka koma, kuma daga tsatsonsa aka farfaɗo da su. Ya ce har yanzu kaɗan ne, ana lallaɓa su kamar ƙwai.

Baba ya ce yayansa yana da ɗakin tsafi, amma shi ɗan coci ne, ba sa shiga sabgar juna. Ni kuwa Musulmi ne, ba zan rubuta irin wannan a rahoto ba, kuma ko na rubuta takardar ba ta san da shi ba. Allah ya taimake ni hadari ya taso. Ba a dandaƙe dabba ana ruwan sama, saboda haka na naɗe buhuna da hujja.

A cikin tasi, kan hanyar komawa Wuse, na yi ta tambayar kaina: a ƙasarmu mene ne abin da wuƙar gwamnati ba ta iya taɓawa? Kafin mu iso na samu amsa. Kayan gwamnati ne. Motar ofis, ko ƙusa ɗaya ba a cire mata sai da izinin sashen sufuri. Ga shi kuma muna da direba ba mota.

Oga ya ce, "Malam, doki ai ba mota ba ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin hawa ne. Kuma reshen da ke da abin hawa, a taro gaba yake zama da wanda ba shi da shi."

Ya dubi rufi, ya ce a kawo takarda.

Baba ya ba mu aron dokin, bisa sharaɗin zai ci gaba da kwana a turkensa, tun da ba mu da gareji. Akawu ya ba shi lamba, aka rubuta a ɗan allo aka rataya masa a wuya. Aka buɗe masa littafin tafiya. Direbanmu, wanda bai taɓa kusantar doki ba, aka tura shi Kuje, inda kowace safiya yakan zagaya dabbar daga nesa ya rubuta cewa ƙafafu huɗu suna nan lafiya. Ni kuma, don kada a ce na bar umarni, na rubuta wa sashen sufuri ina neman izinin cire wasu sassa guda biyu daga jikin abin hawan reshenmu. A lokacin rabin sashen yana Ikko, rabi yana Abuja, hatiminsu kuma yana cikin wata mota a tsakani.

Kafin Bajapanen ya koma ƙasarsu ya zo har ofis ya yi mini sallama. Ya ce, "Namiji shi kaɗai ba iri ba ne. Ka nemi mace." Na samo ta a Mararaba, wurin wani mai fataucin dankali da ya sauko da ita daga tudu, gajeriyar goɗiya mai saurin cizo. Direba ya ja abin hawan da ragama zuwa wurinta, kwana biyu a ƙafa, tasi-tasi suna yi musu oda. A littafin tafiya, inda aka tambayi dalili, na rubuta "ziyarar aiki", kuma har gobe ban ga ƙarya a ciki ba.

Sai sashen sufuri ya gama haɗuwa, hatimi ya iso. Amsarsu ta zo a taƙaice: an amince a cire. Akawu ya sa ta cikin tsohon fayil ɗin ya mayar saman tari. A lokacin ba mu san ko goɗiyar ta ɗauka ba. Oga ya ce da an gama tashi in tafi Kuje da wuƙata, domin a makon ne aka gama gininmu, a tsallaken titi.

Ya ce a kira babbar mota. Na yi lissafi a zuci: a loda, a sauke, juyi biyu, fayil ɗin zai sake fitowa sama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, babbar mota don tsallaka titi? Ka bar mini leburori, ni zan tsaya a kai."

Na tsaya kuwa, tun hantsi har la'asar, a tsakiyar titi da babbar rigata. Sharaɗina ɗaya ne: abin da aka ɗauka a nan, ba ya taɓa ƙasa sai can. Wani lebura, mutumin arewa, ya so ya ajiye kayansa a bakin kwalbati ya sha ruwa, na daka masa tsawar da ta tsayar da tasi biyu.

Ya ce, "Haba Alhaji, takarda ce fa, ba jariri ba!"

Na ce, "Sha ruwanka da ita a ka."

Tsohon fayil ɗin shi aka fara ɗauka, shi aka fara ajiyewa a kan sabon siminti, sauran duka suka hau kansa. Juyi ɗaya. Washegari Oga ya ɗauki na sama, ya tarar da batun rigakafin kaji, ya ce, "To me muke jira?" Bai sake ambaton doki ba har ya yi ritaya.

Da damina ta zagayo, goɗiyar ta haifi duƙushi namiji, ja, mai babban kai. Baba ya je ya gan shi, ya biyo ta ofis da doya biyar a buhu. Ya ce, "Likita, ita ma za a ba ta lamba?" Na ce a'a, uban ya yi wa gwamnati aikin da ya isa. Na so in sanar da Bajapanen, amma ban karɓi adireshinsa ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake nadama.

Takardar Baturen dai ba a soke ta ba, izinin sashen sufuri ma yana nan a cikinta. A iya sanina tana ƙasan tarin har yau. Waɗanda suka gaje mu a ofishin, in aka ce musu za a sake tashi, ina roƙonsu su ƙirga juyin kafin su kira mota.