Ɗakin Humrar Maiturare

Duk unguwar Jurf ba wanda yake kiran Hajiya da sunanta na yanka, Maiturare ake ce mata. A nan Madina aka haife ta, iyayenta mutanen Katsina ne da suka zo aikin hajji suka zauna. Humra take haɗawa, turaren nan da ake yi wa amare, da farce da sandal da mahalab da miski. Kuma ba ta yarda a taɓa kwalba sai ta shekara biyu ko uku tana nuna. A ƙarƙashin gadonta take jera su. Kowace Alhamis bayan la'asar sai ta jawo su ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza, ta buɗe ta shinshina, ta ƙara wa wannan miski, ta ce wa waccan, "Ke dai da saura."

Ɗanta na fari shi ne Audi, mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Mutum ne da hannunsa ba ya zama. Wata bazara zafi ya tsinka kwalba biyu suka lalace, abin ya tsaya masa a rai. Da ya tashi gyaran gidan, sai ya sa aka haƙa ɗaki a ƙasa, ya yi kantoci na katako, ya saka mukayyif ƙarami, ba taga ba hasken rana. Wata uku yana fama. Matakala goma sha huɗu ake sauka.

Ranar da ya gama, ya riƙo hannunta suka sauka a hankali. Ta dubi kwalabenta a jere, kowace da shekararta a rubuce.

"Ya Ummi, kin gani? Ko sarkin zafi ba zai shigo nan ba."

"Na gani, Baban Hidaya. Allah ya yi albarka." Ba ta kiran sunansa, kunyar ɗan fari.

Saukarta ta farko ke nan, ita ce kuma ta ƙarshe, don gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Audi ya ce ba komai, shi zai riƙa girgizawa. Ya girgiza ɗin, wata biyu ko uku. Amma hancin da ya saba da ƙaurin waya ina zai san kwalbar da ke neman miski? Daga baya aiki ya yi yawa, Alhamis ta riƙa wucewa. Hajiya ba ta taɓa cewa a hawo mata da su ba. Ɗa ya yi wahala dominta, ba za ta kushe ba. Matarsa Suhaila ce kaɗai ta taɓa yi masa magana.

"Wallah ka sanyaya kwalabe, ka bar tsohuwa tana kallon bango."

"Khalas, shi ke nan, Jumu'a zan hawo da su," ya ce. Jumu'o'i suka yi ta zuwa suna tafiya.

Bayan shekara biyu aka sa ranar bikin 'yarsa Hidaya. Da ma akwai kwalbar da Hajiya ta haɗa da sunan Hidaya. Audi ya sauka ya ɗauko, ya ga kayan sun kwanta a gindi kamar laka, mai ya taso sama. Ya girgiza ta a kan matakala kafin ya shiga, kamar hakan zai biya na baya.

Hajiya ta buɗe, ta kai hanci, ta daɗe. Ta sake kaiwa.

"Ba na jin komai," ta ce. "Tun bara hancin ya tafi. Ke ƙawata, zo ki shinshina ki faɗa mini."

Hidaya ta shinshina. "Hilwa, ya sitti. Da daɗi, kaka."

"Da daɗi ai ko sabulu ma da daɗi. Sandal ne a gaba ko farce?"

Hidaya ta dubi babanta, shi kuma ya dubi ƙasa. A shekarar da ta rage wa hancin Hajiya kafin ya tafi, da kwalaben suna kusa, da Hidaya ta zauna ta koya. Ranar Audi ya kwaso su duka a kwali, ya mayar ƙarƙashin gado.

Da humrar aka yi bikin, don Hajiya ta ce jikarta ba za ta shafa ta kasuwa ba. Tsofaffin mata daga unguwar Bani Harisa, waɗanda ita ta haɗa wa tasu a zamaninsu, suka shinshina amarya suka kalli juna. Ɗaya ta kasa haƙuri.

"Maiturare, wannan fa ba hannunki ba ne."

"Hannuna ne," in ji Hajiya. "Tsufa ne ya zo. Ku yi mini uzuri."

Suhaila ce ta kawo wa Audi wannan magana washegari, yana ɗaura tsani a kan mota zai fita aiki. Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa, ya fara cewa, "Ya Ummi, ni ne..."

Ta ɗaga hannu. "Na riga na faɗa a gaban mutane. So kake ka mai da ni maƙaryaciya? Tashi ka tafi, rana tana yi."

Ya tashi ya fita.