Dutsen da ke jan toka

Shekarun baya, tun kafin waya ta cika gari, yayana yakan tafi ci-rani Najeriya da zarar an ɗaure hatsi. Wata shekara ya bi masu haƙar duwatsu har can gaba da Kaduna. Da ya dawo goshin damina ya kawo wa mahaifiyarmu tsaraba: wani ɗan dutse mai tsawon gaɓar yatsa, garau kamar ruwan randa da ya kwana, da zane-zane a jikinsa daga sama zuwa ƙasa. Ya ce sunansa tomalin. Wai yawanci kore ne ko ja-ja ko baƙi, marar launi irin wannan kuwa sai an tona, shi ma duk zamansa a rami wannan kaɗai ya taɓa gani.

Bayan kaka ya koma, sai labarinsa ya yanke. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, babu shi babu saƙo.

Yayana shi ne ɗan fari, kuma Inna ta mutanen da ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In ya zama dole sai ta ce "wancan". Ko ƴan ci-ranin garin Gabi sun biyo ta ƙofar gida, ni nake fita in tambaye su, ita tana daka kamar ba ta ji.

Wata safiya na shigo karɓar koko kafin in tafi lambu, na tarar ta kwance dutsen daga bakin zaninta ta aza shi a gefen murhu. Da ya yi ɗumi ta ɗauka ta kai shi kusa da toka. Da idona na ga tokar ta tashi ta manne a kansa. Inna ta yi murmushi, leɓenta na motsi, ta goge shi ta mayar. Washegari haka. Jibi ma haka.

Wanda ya san ni ya san halina. Ni ne mai sake alwala don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Nakan kusa gida in koma bakin tafki don in duba ko na rufe ƙofar lambu, in tarar na rufe. To ga mutum irina, ga dutse yana jan toka, ga Inna tana magana a kansa kullum safe. Raina ya ba ni abu biyu: ko akwai iska a cikin dutsen, ko Inna ta fara dogara da shi wajen sanin halin da ɗanta yake ciki. Na biyun ya fi tayar mini da hankali. Tsohuwa ce, ban san ranar da za ta amsa kira ba, ina tsoron ta tafi da shirka a zuciya ina kallo.

Rannan ta shiga maƙwabta barka, na kwance dutsen daga zanin da ta bari a igiya. Na wanke shi da ruwan tofi, na karanta masa duk abin da na haddace, na ɗumama shi. Ya ja toka abinsa. Na gwada da fasasshiyar kwalba, ko gezau. Na mayar da shi bakin zanin.

Na kai kuka wajen abokina, direba ne a hanyar Ɗan Issa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai dai ba ka rabo da abin tsoro! Jefa shi tafki mana. Amma ka sani, in aljanin ya ji daɗin ruwa, lambunka ne kusa, kai za ya fara ziyarta."

Malamin unguwarmu bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka ji ta roƙi dutsen wani abu?" Na ce ban ji ba. "To mi ka ji?" Na ce leɓenta kawai na gani. Ya ce, "Ba a yanke wa mutum hukunci da motsin leɓe. Je ka tambaye ta, da ladabi."

Tambayar uwa irin wannan magana ba ƙaramin aiki ba ne. Na yi ta kai-kawo, in shigo in gaishe ta in fita. Ranar da na yi ƙarfin hali na durƙusa a bakin madafa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ina tsoron dutsen nan, ina ganin gara a kai shi tafki.

Ta dube ni ta ce, "Ni da na koya maka Fatiha, yau kai za ka koya mini tauhidi, malam sarkin tsoro?"

Na sunkuyar da kai. Ta gyara itace, sannan ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Wancan ne ya gwada mini, ranar da ya kawo shi. Ya ce haka suke gane shi a wajen haƙa, in ya ji zafi sai ya ja toka, halittarsa ce. Yana yi yana dariya kamar ƙaramin yaro. Nan ya tsuguna, inda kake." Ta ƙara da cewa, "Wanda nake roƙo, Shi ya halicci dutsen."

A nan na gane. Matar da al'ada ta hana ta furta sunan ɗanta, ta hana ta tare matafiya da tambaya, wannan kaɗai ya rage mata.

Sai ta kwance bakin zaninta, ta kamo hannuna ta sa mini dutsen a tafi. "Amma in shi ke hana ka barci, ungo, kai shi tafki. Ba ni so ka rame a banza." Har yanzu ina jin ɗuminsa a hannuna. Na mayar mata, na fita ban sha kokon ba, don kada ta ga idona.

Yayana ya dawo daga baya, a rame, babu dukiya, amma da ransa. Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce a kai wa baƙo ruwa. Tuwon da ta tuƙa ranar har maƙwabta sun ci. Shi ya ba ni labarin yadda dutsen ke fitowa a jijiyar farin dutse can ƙarƙashin ƙasa, da cewa launinsa daga abin da ya gauraya da shi ne tun yana tsirowa. Na Inna babu abin da ya gauraye shi.

Inna ta rasu tuni, Allah Ya jiƙanta. Waswasi bai bar ni ba, jiya ma na koma duba lambu. Abin da na koya shi ne in tambayi mutum kafin in ji masa tsoro. Amma in na tuna zamanin nan, hannunta nake tunawa. Ɗa guda ya ɓace mata, abin da take tuna shi da shi guda ne tak, ta miƙa wa ɗayan don ya samu barci.