Wayar da Aka Ɗaura wa Taransifomar Layinmu

Na auri mutumin da babu wanda ya fahimci aikinsa, ni kuwa na kwashi kashina a hannu saboda haka. Maigidana ma'aikacin wutar lantarki ne, amma ba ya hawa falwaya, ba ya raba takardar kuɗin wuta. Aikinsa kula da wani abu ne da suke kira rile, a tashar da ke raba wa Gyadi-Gyadi da wani sashe na Tarauni wuta. Rilen nan shi ke yanke wuta da kansa da zarar ya ji matsala a layi, tun kafin waya ta kama da wuta ko ta kashe wani. Doka ce a kansu su riƙa gwada shi lokaci-lokaci, kada kowa ya taɓa ma'auninsa sai da izini daga sama, kuma duk sanda ya yanke sai an bi sawu an gano dalili. Na yi wannan bayanin a layinmu har bakina ya gaji. A banza. Su dai a wajensu akwai wani maɓalli a ofis, mijina na zaune a gabansa da kofin shayi, in ransa ya ɓaci ya danna.

Shekarar da nake da cikin 'yata ta uku, bazara ta zo da zafi na fitar hankali. Fiyus ɗin taransifomar layinmu ya shiga ƙonewa ba ƙaƙƙautawa, don akwai wata waya da ta lalace, ga kaya sun yi mata yawa, kowa da firiza, kowa da injin jan ruwa. Maimakon a kai rahoto a jira gyara, sai mazan layi suka yi abin da suka iya. Suka ɗauko wani mai gyaran wuta na bakin titi, ya cire fiyus ɗin ya ɗaura waya mai kauri a gurbinsa, wadda ba za ta ƙone ba ko sama da ƙasa za su haɗu. Jagoran wannan gagarumar hikima wani Alhaji ne, wanda katangarsa ke jikin tamu. Maigidana ya gaya musu a ƙofar masallaci cewa fiyus don ya ƙone aka yi shi, su cire wayar nan. Suka yi masa dariya, wai baƙin ciki yake sun gyara ba da shi ba.

Matar Alhajin nan, Hajiya, ba maƙwabciya kawai ba ce a wajena. Ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta biyu. Ƙanƙara da zoɓo take sayarwa, ni kuma ma'aikaciyar jinya ce, babu gidan da ban shiga da allura ko bandeji ba a layin nan, kuma ban taɓa karɓar ko sisi ba. Na ɗauka ina da mutane.

To, matsalar da fiyus ke tarewa a da, yanzu sai ta zarce har tasha. Rile ya ji, ya yanke, kuma ba mu kaɗai ba, har Ƙauyen Alu. A kawo wuta, kafin fanka ta gama juyawa, ɗif. Alhaji ya yi sallama da maigidana wata la'asar, ina jin su ta taga. Wai ya taimaka ya ɗan sassauta wa abin nan nasu, ya daina saurin fushi, ai shi ne a kai. Maigidana ya ce ba shi da izini, kuma ko yana da shi ba zai yi ba, don in ya sassauta, ranar da waya ta tsinke ta faɗo titi da wutarta za ta zauna. Alhaji ya ce ashe maƙwabtaka ba ta da rana. Ya kaɗa rigarsa ya tafi.

Ina kwance da ɗanyen jego aka gama bin sawu, aka ba da umarnin a raba taransifomarmu da babban layi har sai an gyara wayar da ta lalace an mayar da fiyus. Wannan ban ja da shi ba. Abin da har gobe yake ci mini rai shi ne, suna da yawa a ofishin nan, amma maigidana ne ya zo da kansa. Da tsakar rana, da rigar aiki, ya tsaya a gindin taransifoma yana nuna wa masu tsani abin da za su sauke, duk layi na kallo. Da ya shigo na tare shi.

"Duk cikinku babu wanda za a turo sai kai? Ka manta suna za mu yi a layin nan?"

"Rilen nawa ne," in ji shi. "Ni na gano, ni zan tsaya."

Wallahi da ba don jaririya na hannuna ba, da na jefe shi da kofin kunu.

Sauran unguwanni suka samu wutarsu lafiya lau, mu muka zauna a duhu. Daga ranar ƙafa ta ɗauke daga gidana. Matan da na karɓi haihuwar wasunsu da hannuna, babu wadda ta leƙo barka. Ƙanƙarar Hajiya ta narke, masu sayenta suka koma wani wuri, na san ta yi asara kuma ban ce ba ta da zafi ba. Amma ni na ɗaura wayar? Mijinta ne fa. Sai ta riƙa tsayawa jikin katanga tana shanya, tana ɗaga murya wai wasu dai sai Allah ya saka musu, an ci amanarsu. Ina ji, ina shayar da 'yata, hawaye na zuba don takaici.

Innata ta zo daga Hotoro don ta zauna da ni. Da ta tambayi ina maƙwabta, na ce zafi ne ya hana mutane fita. Ita mace ce mai son a yi abu yadda ake yinsa, don haka ranar suna ta sa aka ɗora manyan tukwane, aka soya waina, aka yi shinkafa, aka kafa rumfa a ƙofar gida da kujerun haya.

Da safe aka raɗa suna, daga dangi sai abokan aikin maigidana. Da rana abokan aikina na asibiti suka zo, da 'yan'uwa. Suka cika layin kujeru na gaba, na baya kuwa rana ce ta zauna a kansu. Ƙofofin layin duk a buɗe, ana leƙe, babu wadda ta tako. Inna ta ce ba komai, a kai musu har gida, haka ake yi. Na ce ta bari. Ta ce ba a gidanta aka koya mini rowa ba. Ƙanwata ta yi ta jigila gida-gida.

Ba a jima ba kwanuka suka fara dawowa, ko murfi ba a ɗaga ba. Aka jera su a tsakar gida a gaban baƙina. Na Hajiya ne ya zo ƙarshe, da saƙo: a ce mini an gode, amma firizarta ba wuta, ba ta da inda za ta ajiye.

Inna ta daɗe tana kallon kwanukan, sannan ta juyo.

"'Yar nan, me kika yi wa mutanen nan?"

Sai ga maigidana daga zaure, ya durƙusa gabanta, wai zai yi mata bayanin yadda rile yake aiki. Inna ta ɗaga masa hannu. Ta ce in haɗa kayana in bi ta Hotoro in ƙarasa arba'in a can, ba za ta bar jikarta a layin da ba a yi mata barka ba. Kafin magariba na goya 'yata na shiga mota. Ban yi wa kowa sallama ba, har shi.