Taken Mamaci a Bakin Jita

Gidanmu gidan mahauta ne, kowa da wuƙa ya tashi, sai ƙanena. Shi jita ya ɗauko daga wajen 'yan jami'a da yake kai wa tsire a Kwalkwalawa. Na tsani abar nan. Mutum da ƙarfinsa ya rungume katako yana yi masa susa! Amma in faɗi gaskiya, in ya dasa yatsunsa na hagu a kan wayoyin, ya ɗora muryarsa mai kaushi, har tsofaffin kwata sukan dakata da fiɗa. Waƙoƙinsa shi ke tsara su, kiɗansu kuwa daga kalangun gida yake tsinto shi.

Akwai wani ɗan damben unguwarmu da ya mutu a fage muna yara, naushi ɗaya aka yi masa bai tashi ba. A wajenmu, ɗan dambe in ya mutu haka, takensa ya bi shi kabari. Ba makaɗin da zai sake buga shi sai ranar da magajinsa ya fito neman fansa. Ƙanena daɗin taken kawai ya riƙe tun yarinta. Ya gina waƙa a kansa, ta bazu a wayoyin salula, har masu keke-napep suna sa ta.

Na tare shi a zaure. "Kai, aje wanga kiɗi. Na mamaci na."

Ya yi dariya. "Yaya, kalangu aka hana. Ni jita nika kiɗi."

Ranar bikin ɗan ƙanen mahaifinmu a unguwar Arkilla, bayan la'asar, aka ba ƙanena fili. Cikin baƙi akwai tsohon da ya yi naushin nan, da 'ya'yansa. Samari suka yi ta ihu sai ya yi waƙar, shi kuma uban son yabo ya saki taken.

Ashe babban ɗan mamacin ma yana wurin. Ya miƙe, ya yage rigarsa, ya naɗe hannu da ita. Ya nufi tsohon. Kafin ka ce kwabo benci ya tashi sama. Na ga an fasa wa wani baki, haƙora a ƙasa cikin shinkafa. Mata na kururuwa, jini ya ɓata fararen shaddodi. Ɗaya daga 'ya'yan tsohon ya fizgo taɓarya daga madafa ya yi kan ƙanena, yana cewa, "Kai ka kira mutuwa ga ubanmu!"

Wawan yaro, maimakon ya kare kansa, jitar ya kare. Taɓaryar ta sauka a hannunsa na hagu. Na san ƙarar ƙashi in ya fashe, sana'ata ce, amma ban taɓa jin ta a cikin cikina ba sai ranar. Na kama mai taɓaryar na yi ta haɗa kansa da bango har aka ɓamɓare ni.

Mai ɗori ya yi iya yinsa. Yatsun suka warke a sandare, ko ɗaya ba ya lanƙwasa. Ƙanena ya dawo rumfata yana korar ƙuda. In keke ya wuce da waƙarsa sai ya juya baya. Na so in ce na gaya maka, bakina ya ƙi, don tausayinsa ya fi fushina.

Wata safiya ina sarar ƙafar saniya, ya ɗauki guntun ƙashi mai rami ya zura a sandararren yatsansa na hagu, ya daɗe yana kallo. Washegari ya zo da jitar, ya goga ƙashin a kan wayoyin. Wani sauti ya fito kamar kukan maraƙin da aka raba da uwa.

Ya miƙo mini ƙashin. "Yaya, ya yi mani yawa. Rage min shi kaɗan."

Na zauna na kankare shi da wuƙata mafi kaifi. Tun da nake fawa wuƙa ba ta taɓa kuɓuce mini ba, ranar sai da na yanke.