Bahago da 'Ya'yan Fari Hamsin

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Jatau ya san Malam Bahago, in ma bai san shi ba ya san kekensa, wanda ƙarar sarƙarsa ke riga shi shiga lungu. Ubansa maɗinki ne, ya so ya gaje shi a ɗinkin babbar riga, amma allura ta ƙi zama a hannunsa na hagu, sai aka samo masa aikin masinja a wani ofishin kiwon lafiya a 1968. Daga ɗaukar fayil ya zama akawu, ya kwashe shekara ashirin da shida yana cike fom da biro. Taƙamarsa ɗaya ce: ba gidan da bai san cikinsa ba a unguwar. Ambaci gidan wane kawai, zai jero maka mata da yara har da wadda ta yi yaji shekaranjiya.

A 1994 aka kawo kwamfuta ofis. Kai jama'a! Ɗaki guda aka ware mata, aka lulluɓe ta da farin ƙyalle, ba a shiga da takalmi. Shugaban ofishin, Alhaji Tanko, wanda ko sau ɗaya bai taɓa danna ta ba, ya tara ma'aikata ya ce za a yi kwas na mako shida, wanda ya faɗi jarrabawa ya tattara ya yi ritaya. Bahago yake kallo lokacin da yake faɗin haka. Bahago kuwa yana da bakuna tara a gida, kuma ban da wannan aikin ba abin da ya iya.

Malamar da aka ɗauko daga Wusasa take, Malama Hilda, mai haƙuri, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni fita. Ta koya musu manhajar lissafi ta Lotus, yadda ake jera bayanai a layin tsaye da layin kwance, kowane adadi da gidansa. Bahago da yatsa ɗaya yake bugu, ya nemi harafi har ya yi gumi, in ya same shi ya doke shi kamar ya ci masa mutunci. Ranar da aka zo kan matsakaici aka sha rigima.

"Malama, tsaya. Kin ce kowace mace tana da 'ya'ya huɗu da ɗigo ɗaya. Ɗigon nan wane ne? An yi masa suna?"

"Baba Bahago, ba yaro ba ne. Tara su aka yi aka raba daidai."

"Raba 'ya'yan mutane! To Allah ya kyauta."

Amma a mako na huɗu, abin mamaki, kansa ya buɗe. Ya gane tarawa, ya gane rabawa, har ya fara jin daɗin ganin adadi ya faɗo tun kafin ya ɗage yatsa. Sai aka ba kowa aikin jarrabawarsa. Nasa fom hamsin ne, na mata hamsin na Ƙofar Jatau, waɗanda wasu baƙin ma'aikata mata suka shiga gida-gida suka cike bara, suna cewa kowace ta faɗi sunayen 'ya'yanta. Da waɗannan fom ɗin Alhaji Tanko ya rubuta rahoto cewa matan birni sun rungumi tazarar haihuwa, har aka aiko masa da takardar yabo, ya sa ta a gilas ya rataye.

Bahago yana shigarwa yana tsaki. Gidan Batulu mai ƙosai, ina babban ɗanta direba? Gidan Jummai, ina wadda aka aurar Tudun Wada? Kafin ya kai fom na goma ya kwashe da dariya har da ƙwalla. Wace macen kirki ce a birnin Zazzau za ta buɗe baki ta ambaci sunan ɗan farinta, a gaban baƙuwa ma? Kunya ce, kowa ya sani, daga na biyu ake fara ƙirga. Baƙin nan sun rubuta abin da aka faɗa musu, suka bar 'ya'yan fari hamsin a waje. Ya zauna ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya daga kansa, matsakaici ya tashi daga huɗu da ɗigo ɗaya zuwa biyar da ɗigo ɗaya. Malama Hilda ta duba ta riƙe baki, ta ce ita ma uwarta har ta rasu ba ta kira sunan yayanta ba, wannan gyara daidai ne.

Alhaji Tanko bai ga daidai ba. Ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa.

"Bahago, an aiko ka ne? Gobe ni zan tsaya a kanka. In kwamfuta ta ba da abin da ya saɓa wa rahotona, ka faɗi."

"Ranka ya daɗe, yaran nan suna nan da ransu. Wani ma shi ya kawo ka ofis a mota."

"Ni ban ce sun mutu ba. Na ce ba sa cikin fom."

Washegari da hantsi Bahago ya zauna gaban kwamfuta, Alhaji a bayansa yana ƙamshin turare, Malama Hilda a gefe ta sunkuyar da kai. Ya fara gogewa. Ɗan Batulu ya tafi, 'yar Jummai ta tafi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma tuwon gida ya fi ƙarfinsa. Ya goge arba'in da tara, ya iso fom na ƙarshe, na matarsa Sailuba. A nan ya ga sunan da shi da kansa ya buga: Ummukulsum. 'Yar farinsa ce, shekararta ashirin da huɗu, kuma bai taɓa furta sunan nan da bakinsa ba, "ke" yake ce mata, ko "waccan". Ranar aurenta ma gidan abokinsa ya tafi ya wuni. Yatsansa ya tsaya a kan maɓalli ya ƙi sauka.

"Goge mana," in ji Alhaji.

"Wannan kam a'a, ranka ya daɗe. A rubuto min takardar ritayar."

Ya danna lissafi da ita a ciki, ya runtse ido, ya riga ya fara tunanin yadda zai faɗa wa Sailuba. Sai ya ji Alhaji ya tafa hannu. Huɗu da ɗigo ɗaya! Malama Hilda ta yi masa bayani a hankali: yaro ɗaya in aka raba shi wa mata hamsin bai isa ya motsa adadin da ake gani ba, sai an ƙara ɗigo na biyu, wato lamba ta biyu bayan ɗigo, zai fito. Alhaji ya ce ba a buƙatar wani ɗigo na biyu, ya sa hannu, ya fita yana cewa dama ya san tsohon ma'aikaci ba ya ba da kunya.

Bahago ya ci jarrabawa, ya yi shekara biyar a kan kujerar nan, shi ake kira in za a fitar da matsakaici. Amma a ranar bai yi murna ba, ko godiya bai yi ba. Ya daɗe yana kallon adadin, idonsa ya kaɗa, sannan ya juya ga malamar.

"Malama, wato na ajiye aikina saboda ita, abin nan bai ma san tana ciki ba?"

"Bai sani ba, Baba."

Ya ce ta ƙara masa ɗigo na biyun ya gani da idonsa. Ta ƙara, ɗan ƙaramin huɗu ya fito a ƙarshe, inda ba don ita ba da biyu ne zai fito. Ya sa yatsa a kan gilashin, ya ce, "Ga Ummukulsum nan."