Ranar da Garan Metir Ya Ba da Matarsa

A falon baffana, ƙanin mahaifina, a New Bell, akwai hoton wani Bature da bai taɓa taka Duwala ba, bai kuma san da zamanmu a duniya ba. Yana zaune ya tallafe kai da hannu biyu, ya zura wa wani allo mai gida-gida baƙi da fari ido, kamar wanda aka aiko wa da labarin gobara. Baffa ya yanko shi daga wata mujallar Faransanci tun yana aiki a ofishin fiton kaya na tashar jirgin ruwa, ya sa masa gilashi, ya rataye shi inda sauran mutane ke rataye kalandar mai kanti. Sunan mutumin baƙaƙe ne a jere, wasali sai an nema, harshen Baffa kaɗai ke iya hawansa. Mu dai Garan Metir muke ce masa, domin haka Baffa ke kiransa da Faransanci, wato wanda ya kai ƙololuwar daraja a wasan eshek.

Eshek darar Turawa ce, mai sarki da dawaki da hasumiya da dakaru. A makarantar boko kalmar ba ta da wata ma'ana a wurinmu sai faɗuwa jarrabawa, don haka tun ina yaro nake girmama wasan da ya faɗi gaskiyar kansa tun daga suna. Unguwarmu damiye ta sani, darar 'yan titi, wanda ake bugawa a bakin kwata da ihu da dukan katako. Idan aka tambayi Baffa ko damiye yake yi, sai ya dubi mai tambayar irin duban malamin da ɗalibinsa ya kira Faris ƙasa.

Baffa bai taɓa shiga gasa ba. Aikinsa bin rayuwar wannan Bature ne. Ya san ɗan wata ƙasa mai sanyi ne, ya san ya samu muƙaminsa tun gemu bai fito masa ba. Ya san garuruwan da ya ci gasa, da tsofaffin gwanayen da ya kayar yana riƙe da baƙaƙe, abin da Baffa ke cewa ya fi wuya domin farare ne ke fara tafiya. Ya san yadda ya haura har ya rage taki ɗaya ya kara da zakaran duniya, sannan ya yi kuskuren da ko ni ba zan yi ba, in ji Baffa, ya koma gida. Daga nan bai sake kai wa wurin ba, amma bai daina wasa ba, Baffa ma bai daina binsa ba, daga mujalla zuwa rediyo har zuwa wayar hannu. Abin da ya sa yake ƙaunarsa shi ne mutumin ba ya jin ƙyashin kayansa. Yakan miƙa wa abokin karawa doki ko hasumiya kyauta, a ga kamar ya zautu, sai can gaba a tarar sarkin wancan ba shi da wurin tsayawa.

Mai jure wannan tarihi kullum ita ce matar Baffa, wadda muke kira Inna. 'Yar Garwa ce, Hausarta da ƙamshin Fillanci. Idan Baffa zai maimaita wani tsohon wasan Garan Metir, ita ke zama a ɗaya gefen allon tana matsa masa baƙaƙe, tana tsinke zogale a cinya. Takan ce ta yi shekaru tana shan kashi a hannun Baturen da bai taɓa aiko mata ko sabulu ba.

Da ciwon sukari ya kama ta, Baffa ya riga ya yi ritaya, sai ya mayar da duk tsantseninsa na ofis a kanta. Kowace safiya yakan tsaga mata ɗan yatsa da 'yar allura, ya ɗiga jinin a na'urar awo, ya duba, sannan ya yi mata allurar da likita ya rubuta. Ya kori sukari daga gidan kamar ɓarawo. Ya koyi dafa ganye, abin da ya ba matan unguwa dariya har suka gaji. Ganinta ya ragu, ƙafarta na kumbura, amma tana nan, tana zaginsa cikin raha, tana cin abincinsa marar daɗi. Burin Baffa ke nan a duniya, ya riƙe ta a gabansa ya yi jinyarta da hannunsa.

Wata Lahadi da rana, yayan Inna ya zo duba ta. Alhaji ne mai shagon atamfa a babbar kasuwar Marshe Santaral, gidansa kuma a Garan Hangar, can ƙetaren gada. Mutumin kirki ne, ina so a riƙe wannan, yana son ƙanwarsa har cikin ransa. Faransancinsa na kasuwa ne, ya ishe shi ciniki da rigima da ɗan sanda. Ya tarar da Baffa a baranda yana waya da abokin wasansa, wani tsohon malamin lissafi da ke unguwar Vilaj, suna kallon wasan Garan Metir kai tsaye kowa a wayarsa. Baffa bai ma ji sallama ba. Abin da Alhaji ya ji da kunnensa shi ne Baffa na cewa cikin murna:

"Le grand maître a sacrifié sa dame. Ya yi daidai. Ni ma da ni ne, haka zan yi."

Ma'anarsa, Garan Metir ya sadaukar da dam ɗinsa. A eshek, dam ita ce 'yar katakon da ke tsaye kusa da sarki, wadda ta fi kowa ƙarfi, kuma ba da ita don a ci wasa shi ne ƙarshen bajinta. A Faransancin titi kuwa, dam matar mutum ce. Garan metir kuma, duk wanda ya zauna a Duwala ya san wa ake nufi da shi: shugaban ƙungiyar asiri, irin waɗanda ake cewa manyan ma'aikata na shiga don a ƙara musu girma, a biya da ran wani na gida. Alhaji ya shiga ɗaki, ya ga ƙanwarsa kwance da kumburarriyar ƙafa, ya fito ya dubi hoton da ke bango. Bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Kafin Juma'a ta zagayo, New Bell ta gama bincike ta yanke hukunci. Ban taɓa ganin unguwarmu ta yi aiki da sauri haka ba, ita da kwatar ƙofar masallaci ta fi ƙarfinta tun ina yaro. Kowa ya tuno abin da ya taɓa gani. An tuna allon baƙi da fari, irin daɓen da ake nunawa a bidiyon 'yan asiri. An tuna Baffa na karanta haruffa da lambobi a waya, shi da wani arne, ba gaisuwa ba hira. Mai shayin kan kwana ya rantse ya taɓa jin Baffa na cewa ya rasa mahaukacinsa ɗaya, saura ɗaya, kuma ga shi mahaukacin da ke kwana a bakin kasuwa ya ɓace. Gaskiya ne Baffa ya faɗa, domin Faransawa mahaukaci suke kiran ɗan katakon da ke tafiya a karkace. Sai babbar hujja, wadda ta rufe bakin kowa: mutumin nan kowace safiya yana ɗibar jinin matarsa ya sa a wata na'ura.

Jahilci ba ya tayar mini da zuciya, kowa da inda karatunsa ya tsaya. Waɗanda suka tayar mini da zuciya su ne 'yan bokon unguwa, abokan Baffa na ofis, masu gyara wa mutane nahawun Faransanci a wurin ɗaurin aure. Sun san eshek, wasunsu sun taɓa zama a falon nan sun sha kashi. Da na je wurin ɗayansu, tsohon akawun banki, na roƙe shi ya yi magana, sai ya gyara tabarau ya ce shi fa bai ce akwai ba, bai ce babu ba, amma a ƙasar nan ba a rantse wa kowa. Na gane daga baya cewa duk wanda ya taɓa riƙe muƙami a garin nan tsoron kalmar asiri yake, kada ya kare wani a juyo kansa.

Aka kira zama a zauren Liman bayan la'asar. Alhaji ya ce ba ya neman rigima, ƙanwarsa kawai yake so a ba shi ya tafi da ita. Baffa kuwa ya yi abin da na roƙe shi kada ya yi: ya zo da allon a hammata. Ya shimfiɗa shi a tabarmar Liman, mutane suka janye ƙafafu. Ya jera 'ya'yan, ya fara daga farko, wato daga haihuwar Garan Metir. Ya bi da su gasa bayan gasa, ya nuna musu inda aka ba da dam da dalilin da ya sa dole a ba da ita. Bayaninsa daidai ne tun daga farko har ƙarshe, kuma kowace jimla ƙara nutsar da shi take. Da Alhaji ya tambaye shi ko ya taɓa ganin mutumin ido da ido, ya ce a'a. Ko yana biyansa? A'a. To me ya haɗa su shekara da shekaru?

"Alhaji, kyan wasansa," in ji Baffa.

Wani daga baya ya yi salati a hankali. Na ce a bar ni in fassara kalmar dam, aka ce ni ɗansa ne, me zan ce da ya wuce haka. Tsohon akawun banki yana zaune kusa da ni yana nazarin farcensa.

Liman ya san wasa ne. Na ga haka a fuskarsa, har ya ɗauki doki ɗaya ya jujjuya ya ajiye. Amma Alhaji da jama'arsa su ne rabin sahun masallacin. Sai ya ce shi bai ga laifi a kan kowa ba, zato kuma zunubi ne, sai dai don a kwantar da hankali, Inna ta je gidan yayanta ta ɗan huta, ta canza iska. Kowa ya yaba da hikimar. Ba wanda ya ce a tambayi mai ciwon, tana can gidanta, tsakaninsa da zauren bai fi jifa ba.

Washegari aka zo da tasi. Inna ta ce ba za ta ba, ta faɗa da Hausa ta maimaita da Fillanci. Yayanta ya durƙusa a gabanta yana hawaye, ya haɗa ta da iyayensu da ke kabari. Sai ta yarda. Da ake riƙe ta za a fita, ta juyo wajen Baffa, wanda ke tsaye da jakar magungunanta.

"Malam, ka ga abin da surutunka ya jawo. Ka riƙa cin abinci."

Baffa ya miƙa jakar, Alhaji ya karɓi ƙwayoyin, ya mayar masa da na'urar awo da allurai. Ya ce a gidansa ba za a sake ɗibar jinin kowa ba.

A Garan Hangar an kula da ita iyakar kulawa, wannan ma ina so a riƙe. An ba ta ɗaki mai fanka. An kawo malamai, aka yi mata rubutu ana haɗawa da zuma don ya shiga jiki. Matan gidan suka ce yunwa ce ma ke cinta, mijinta ya hana ta komai, suka dage da kunun gyaɗa mai zaƙi da shayi mai madara. Baffa kuwa kullum da safe yakan hau tasi ya ƙetare gada cikin cunkoso da ruwan damina, da kwanon ganyensa a leda. A zaure ake ajiye shi kamar mai neman aure. Wani lokaci a fito da ita su gaisa a gaban mutane, wani lokaci a ce tana barci. Kwanon kuwa a karɓa da godiya, ni na taɓa ganin inda ake juye shi a bayan gida, ko kaji ba a bari su ci. Ya roƙi a kai ta asibiti a auna ta ko da ba da hannunsa ba. Aka ce za a kai, in an gama wannan zagayen rubutun.

An kai ta ranar da ta kasa farkawa. Ba ta dawo ba.

A gidan Alhaji aka yi zaman makoki. Duk unguwarmu ta ƙetaro, har mai shayi, har tsohon akawun banki da farar shadda, yana raba wa mutane ashiya, wato sannun mutanen Duwala, da ta'aziyya cikin harshe uku. Baffa na zaune a ƙarshen tabarma, ana miƙa masa hannu da kan yatsu. Alhaji ya rame, idanunsa sun yi ja, kuka yake na gaskiya. Da aka shafa fatiha, ya juya ga na kusa da shi, da muryar da duk zauren ya ji, ya ce:

"Laifina ne. Mun makara wajen ɗauko ta."

Aka yi ta gyaɗa kai ana ba shi haƙuri, ana cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Na dubi Baffa. Ya buɗe baki, na ga alamar zai fara bayani daga farko, sai ya rufe. Ya ce Allah ya ji ƙanta, aka amsa da amin a taƙaice. Aka shigo da faranti na shinkafar sadaka, mutane suka gyara zama suka wanke hannu. Ba wanda ya matsa ya ci da Baffa, sai na ja farantin gabanmu, muka zauna mu biyu muna kallonsa har ya huce.